Gayyar Karofane a Fangulan Albasata

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na ɗaga murya a garkar mata, wato lambun rani, ta garinmu Tama ba. Ko da na so in manta ma, maƙwabciyata Hajo tana raye, kuma Allah bai hore mata mantuwa ba.

Ni fa ba mai faɗa ba ce, ku tambayi duk wanda ya san ni. In akuyar wani ta ci mini shanya, sai in kore ta da "haba ke kuwa". In yaro ya fasa mini tulu, sai in ce kwanansa ne ya ƙare (na tulun, ba na yaron ba). A rumfar karatun manya, inda na koyi riƙe alƙalami, mushenmu, wato malamin da ke koya mana, kullum sai ya ce in ƙara murya, ba ya jin abin da nake karantawa. To, wannan matar ce aka ji muryarta tun daga fadama har bakin rijiyar gari.

Zamanin soja ne, shekarar da damina ta yi mana rowa. Hatsi ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Rumbunmu kuwa, kana iya shiga ka zauna ka miƙe ƙafa. Sai aka ce kowa ya koma noman rani, aka yanka wa mata wani yanki a fadama aka raba mana. Rabona ya faɗa a gefe, iyaka da garkar wani mutum da ake kira Arzika, wanda tun ranar rabo yake faɗin cewa wurin na kakansa ne, kuma mace ba ta da abin yi da laka in ban da ginin tukunya. Duk safiya sai na tarar dutsen iyaka ya ɗan matso wajena. Ni kuma in mayar da shi, in ce masa ina kwana. Ya ce zai sa 'yan ƙodago su haɗe wurin da nasa, mu ga wanda zai hana shi. Na ce masa Allah ya ba mu alheri. Na haɗiye.

Wanda bai taɓa gyaran lakar fadamar nan ba, bai san abin da nake nufi da wahala ba. In ruwa ya janye ta bushe, sai ta tsattsage ta yi tauri kamar ƙonannen bulo. Sai ka fara jiƙa ta, ka bari ta sha, kana ka sara da galma, ka bi dunƙulen ɗaya bayan ɗaya kana farfasawa. Ni ba ni da jaki. Da kaina na yi ta ɗauko rairayi daga ƙorama a kwando, don in sassauta lakar. Kashin awakina da na tara tun kafin damina, na daka shi ya yi laushi, na gauraya da tokar murhu, tawa da wadda na roƙa a gidajen mutane (har aka fara tambaya ko sabulu zan dafa). Na zuba wannan duka a sama-sama, iyakar zurfin tafin hannu, don nan ne saiwar albasa take kiwo. Na ja fangula, wato 'yan ɗakunan nan masu kunya a gefe da ke riƙe ruwa, na daidaita su da bayan ƙwarya har in ka zuba ruwa sai ya kwanta ko'ina daidai. Bayana ya riƙe. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa.

Iri kuwa, wana da ke garin Galma ne ya aiko mini, ɗan ƙulli a bakin tsumma, irin albasa baƙi ƙanana, ya ce iyakar abin da ya rage masa ke nan. Ba na biyu. Na yafa shi a fangulan da suka fi kyau, na rufe da ƙasa shara-shara, na shimfiɗa karan hatsi a kai don rana da tsuntsaye. Lissafina shi ne in ya tsiro in dasa shi a sauran, in na cire albasa in musanya da hatsi, yara su kai damina da abin sawa a baki. Abin da ke kwance ƙarƙashin karan nan, tuwon 'ya'yana ne.

Yanzu sai in gaya muku wani abu. Shekara guda kafin nan mun aurar da ɗiyata ta fari (ba zan rubuta sunanta ba, ban taɓa kiransa da baki ba, ba a takarda zan soma ba). Wani mutumin Karofane ya aure ta. Kun dai san yadda muke da suruki, balle mijin 'yar fari. In ya zo gaisuwa, tun daga ƙofar gida yake tuɓe takalmi, ya durƙusa a bayan zana. Ni kuma in juya wa zanar baya, in ja mayafi in rufe fuska, mu gaisa kamar masu tsoron tada jariri. In na hango shi a hanya, ko an ce mini ga shi nan tafe, sai in ratse cikin gona. Haka uwata ta yi, haka na yi, kuma har yabona ake yi a kai. Muryarsa na sani. Fuskarsa kuwa, ko ƙafa ya taka mini a kasuwar Bouza, sai dai in ce masa sannu bawan Allah.

Ranar da abin ya faru akwai suna a unguwarmu, saboda haka ban sauka fadama da wuri ba, sai da hantsi ya ɗaga. Ina tafe da gugana da ƙwaryar ban-ruwa, ina ma tunanin ko yau zan ga ɗan kore ya leƙo ta tsakanin kara. Da na gangaro ta wajen itacen gawo, sai na ga mutane a cikin rabona. Samari ne ƙarfafa, sun yi sahu, kowa da galma, suna sara suna waƙa.

Na tsaya. Na duba dutsen iyaka, na duba gawon, ko ɓatan kai na yi. A'a, wurina ne.

Babu fangali ko ɗaya. Kunyoyin da na ja sun baje. Karan da na rufe iri da shi an tattara an jibge a gefe, wani ma ya aza rigarsa a kai. Sun nutsa galma iya ƙarfinsu, sun kife ƙasar: takina da tokata da rairayina da irina sun koma can ƙasa, jar laka mai danƙo ta hau sama tana ƙyalli. Can gefe kuma ga Arzika a tsaye cikin garkarsa, ya harɗe hannu a baya, yana kallo yana murmushi.

Ban san lokacin da guga ya faɗi daga hannuna ba. Wani abu ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Duk "Allah ya ba mu alheri" da na taɓa faɗi a duniya, ranar suka dawo mini a maƙogwaro, kuma ba da siffar da suka tafi ba.

Hajo tana ban-ruwa a nata rabon. Ta ga fuskata, ta yar da ƙwarya ta taro ni.

"Ke, tsaya in hwaɗa miki..."

"Sake ni, Hajo."

"Wallahi ki tsaya ki ji, mutanen ga..."

"Na san ko su wa ne! Sake mini zane!"

Na fizge. Na nufi wanda ke kan gaba, wani dogo da ya naɗe kansa da rawani har hanci saboda ƙura, shi ke ba da waƙa sauran suna amsawa. Na ce a raina wannan ne shugaban 'yan ƙodagon Arzika.

"Kai! Kai dogon banza! Aje galmag ga!"

Waƙa ta mutu. Ya waiwayo, ya yi mini kallo ɗaya, sai ya yi sauri ya sunkuyar da kai ƙasa.

"Wa ya aiko ku? Nawa anka ba ku ku kashe mini ɗiya da yunwa? Kai makaho na? Ba ka ga kara shimfiɗe ba? Ba ka ga toka ba? Ko akuya in ta ga an ruhe wuri da kara ta san an shibka wani abu, sai dai ta ci da gangan. Kai ko akuya ta hi ka!"

Ya kafe idonsa a ƙasa. Samarin duk sun sandare, kowa da galma a hannu. Matan garka sun bar ban-ruwa sun matso. Na ji Hajo a bayana tana "La ilaha illallahu, ke, ke," amma na ɗauka taya ni take yi.

Shirun nan nasa shi ya ƙara tunzura ni. Na ce wato ga mahaukaciya tana magana, ko amsa ban isa a ba ni ba.

"Magana nika yi maka! Wace mata ta haihe ka? Uwad da ta haihe ka ba ta koya maka komi ba? Ba ta taɓa gwada maka fangali ba, sai cin tuwo da tsawon ƙahwa? In gan ta in tambaye ta, goyo ta yi ko ɗaukar itace!"

(Ni ce fa. Ni da ban taɓa zagin uwar kaza ba.)

Ya ƙara sunkuyawa, har haɓarsa tana taɓa ƙirji. Sai na kai hannu na kama ƙotar galmarsa. Ya riƙe kaɗan don mamaki, na ja, ya saki, na yi taga-taga na tsaya da ita a hannu. Na nuna shi da ita.

"Ɗago kai ka dube ni! Ɗago kai na ce! Ka dubi idon matad da ka zalunta, ka tahi ka hwaɗa ma Arzika ni na ce..."

Daga can Arzika ya ɗaga hannu biyu sama. "A'a, ni mi nawa ciki? Ni kallo ɗai nika yi."

A nan ne dogon ya ja da baya. Ya zare takalmansa ɗaya bayan ɗaya, a cikin laka. Ya durƙusa. Samarin nan duka suka aje galma suka durƙusa a bayansa, kamar an kira salla. Sai na ji murya ta fito daga cikin rawanin, ƙasa-ƙasa:

"Ina kwana, Inna. An tashi lahiya?"

Na san muryar. Wayyo Allah, na san muryar. Ban taɓa jin ta ba sai ta bayan zana, amma na san ta kamar yadda na san tarin maigidana.

Wani daga cikin samarin, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, surukinki na. Gayya munka kawo miki daga Karohwane."

Ban san ko kun taɓa roƙon ƙasa ta tsage ba. Ni na roƙa, kuma ga ta an riga an sassara, amma ta ƙi. Na tsaya da baki buɗe, fuskata a waje, ba mayafi, gaban mijin 'yar fari, na zage shi, na zagi uwarsa, na ce akuya ta fi shi, na kuma umarce shi ya dube ni ido cikin ido. Wata mata ta ce "Subhanallahi". Wata ta toshe baki da zane, kafaɗunta suna rawa. Arzika kuwa har zama ya yi a kan kunyar fangalinsa don ya ji daɗin dariya.

Amsar gaisuwar ma ban bayar ba. Na ja gefen zanena na rufe kai gaba ɗaya, na juya na zura da gudu. Mai gudu da rufaffen kai kuwa ba ya ganin hanya. Na zurma ƙafa a ramin ruwan Hajo, na faɗi da gwiwa, na tashi, takalmi ɗaya ya zauna a laka, ban waiwaye shi ba. Sai da na shiga gida na jingina da rumbu ina haki, kana na lura galmar mutumin tana hannuna. Da ita na ratsa gari.

Maigidana, Malam, yana zaune a inuwa yana tufkar igiya. Ya dube ni, ya dubi galmar, ya dubi ƙafata ɗaya mai takalmi.

"A'a, har kin gamu da su? Yaran kirki. Na so in hwaɗa miki, na mance."

Ashe ga yadda aka yi. A al'ada suruki yakan kawo gayya gonar iyayen matarsa da damina. Bana damina ba ta yi ba, gayya ba ta samu ba, abin ya tsaya wa yaron a rai. Da ya ji an ba ni rabo a garka, sai ya aiko abokinsa wajen Malam a kasuwa, ya ce suna so su zo su sare wa Inna wurin. Malam ya ce Allah ya yi albarka. Abokin ya tambaya ko an riga an yi wani aiki a wurin. Malam ya ce, "Ina hwa! Aikin mata? Laka ce ɗai kwance. Ku nutsa galma da kyau."

Na ce, "Malam, kai ka ce musu laka ce kwance?"

"To mi a ciki?"

"Rairayin da ka ga ina ɗauka da kai, ina kaka zato nika kai shi? Kashin awakin da na daka nan gabanka har kana tari, miya na yi da shi?"

"To ni na san kina ta kai da kawowa..."

"Ka san ina kai da kawowa."

Ban ɗaga murya ba, don na riga na ƙarar da ita a fadama. Amma na gaya masa magana a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har ya aje igiyar ya ce zai je ya duba wani abu a masallaci. Ba lokacin salla ba ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, har yau in na tuna, shi ne wannan: ni ce mai gaskiya. Sun ɓata mini aiki, sun binne mini iri. Amma gayya gayya ce, ba a sallamarta da yunwa. Ɗan hatsin da nake ta lallaɓawa don yara, shi na ɗebo na zuba a turmi. Ban taɓa daka mai laushi irin na ranar ba; kowane bugu da sunan wanda nake bugawa, kuma yawanci Malam ne. Na dama fura ƙwarya babba, Hajo ta zo ta ɗauka, na aza mata galmar a kafaɗa.

"In ce musu mi?" ta tambaya, tana cije leɓe.

"Ki ce an gode. Allah shi yi albarka."

"In ce da dogon banza ko da duka?"

"Hajo, ki ji tsoron Allah."

Ta dawo mini da takalmina a wanke. Wai shi da kansa ya ciro shi daga laka ya wanke a bakin rijiya, ya miƙa mata da hannu biyu. Na so a ce jefar da shi ya yi, da na fi samun sauƙi.

Washegari na koma garka da rufaffiyar fuska. Na durƙusa ina tona jar lakar nan da hannu, wai ko zan ga irina. Wa zai ga irin albasa a cikin laka? Na yi kuka na share. Na sake ɗaukar kwando na nufi ƙorama. Taki kuwa babu sauran, sai abin da na tono daga ƙasa. Mata suna wucewa suna "sannu da aiki", in sun ɗan yi nisa sai in ji wata ta ce wa 'yar'uwarta, "Ɗago kai ka dube ni," su fashe. Abu ɗaya dai na samu: dutsen iyaka bai sake motsi ba. Arzika ya ce wa mutane shi ba ya shiga harkar matar da ta ƙwace galma a hannun ƙato.

Ba barci nake yi sosai ba a kwanakin nan, ina tunanin abin da za a dasa a fangulan da nake sake ja, ga lokaci yana wucewa, sanyi ya fara shiga. Daga irin wana, 'yan tsiraru ne suka fito, nan ɗaya can ɗaya, wasu ma a kan hanya.

Ran nan ina cikin ja da baya da ƙwarya ina daidaita ƙasa, sai ga Hajo da jaki a gaba, mangala cike. Gefe ɗaya takin tumaki ne ruɓaɓɓe, baƙi, mai laushi. Ɗaya gefen dashen albasa ne ɗaure-ɗaure, an naɗe saiwarsu da jiƙaƙƙen buhu, sun isa dasawa.

"Daga Karohwane," in ji ta. "Da saƙo. In hwaɗi?"

"Hwaɗi."

Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga murya yadda duk garka za ta ji. "Wai uwad da ta haihe shi tana gaishe ki. Ta ce goyo ta yi, ba ɗaukar itace ba, amma kin yi gaskiya, ba ta gwada mai fangali ba. Ta ce ga wanga ki dasa, in ya sake zowa ki gwada mai da kanki, tunda ke kuna magana da shi."

Na karɓa. Me zan yi? Yunwa ba ta bar mini wurin yin zuciya ba. Na dasa su ina jin kunya tana cin bayan wuyana, kuma suka kama, suka yi kai manya-manya. Da su muka kai damina. Duk tuwon da na tuƙa da hatsin albasar nan, sai na ji kamar surukuwar ɗiyata tana zaune a gefen murhu tana kallona.

Har yau ina jin haushin Malam, Allah ya jiƙansa, kuma har yau ban yarda cewa mai ido zai ga kara a shimfiɗe ya nutsa galma ba. Amma na ɗauki darasi. Kunya abu ce mai kyau, ban ce a bari ba. Sai dai lokacin da aka zo neman ƙanwar 'yar farin nan tawa, da saurayin ya durƙusa a bayan zana, na sa yatsa na buɗa 'yar kafa, na dube shi tsaf, tun daga hula har yatsun ƙafa, na haddace shi. Mace ta san fuskar wanda take jin kunya, ko don ta san wanda ba za ta zaga ba.